Injin babur zai iya ɗaga jirgin sama? Zare

1/ Duk bayan ɗan lokaci sai bidiyo ya karaɗe intanet: wani matashi ya haɗa jirgi da injin babur. Wasu su yi ta dariya, wasu su ce ya hau ya tashi kawai, Allah na nan. Ni da na shafe shekaru ina kwance injin babur a Kakuri, duka biyun ba su kwanta min ba. Ku biyo ni.

2/ Masu dariya tukuna. Jirgin da 'yan uwan nan Wright suka tashi da shi a Amurka a 1903, ƙarfin injinsa doki 12 ne. Boxer 150 da ke zirga-zirga tsakanin Sabon Tasha da Television ita ma wajen doki 12 take bayarwa. Kun ga ashe yaron ba mahaukaci ba ne.

3/ Sai dai tashin farko na jirgin Wright daƙiƙa 12 ya yi a sama, mita 37 ya ci, da fukafukai masu faɗin fiye da mita 12. Tashi daban, zama a sama daban.

4/ A gareji cc muke tambaya. A sama kuwa tambayar ita ce: doki nawa kowane kilo na injin yake bayarwa? Moster 185, injin Italiya da masu tashi da lema ke goyawa a baya, cc 185 ne, nauyinsa wajen kilo 14, amma doki 25 yake fitarwa. Ninki biyu na Boxer ke nan, alhali cc ɗinsu bai yi nisa ba.

5/ Rotax 582 na ƙasar Ostiriya, wanda ƙananan jirage da yawa ke amfani da shi: cc 580, doki 64, ruwa ke sanyaya shi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, in wuta ɗaya ta ɗauke ɗayar na nan. Bayan awa 300 na aiki, kamfanin ya ce a kwance shi gaba ɗaya ko da lafiyarsa ƙalau. Wa ya taɓa kawo min babur mai lafiya ya ce in kwance? Babu.

6/ Ga inda gizo ke saƙar. Babur a cikin gari hutawa yake yi: ka ja, ka saki, ka tsaya a shataletale. Injin jirgi daga tashi har sauka yana aiki kusa da iyakar ƙarfinsa. Baburan da aka fi kawo mana da fistin a cije su ne waɗanda aka murɗe totur har ƙarshe da kaya a hanyar Kachia, da tsakar rana.

7/ Wanda injinsa ya cije a hanyar Kachia sai ya sauka ya tura. A sama babu gefen titi.

8/ Sai farfela. Boxer sai ta kai juyi wajen 7,500 a minti take ba da cikakken ƙarfinta. Babbar farfela ba ta son wannan gudun, bakinta zai kusanci saurin sauti, ta koma ihu babu ja. Dole a sa giya ko bel mai rage juyi, shi ma nauyi ne.

9/ Iskarmu ma da nata. Kaduna na kusan mita 600 sama da teku, ga zafin Maris da Afrilu. Iska mai zafi a tudu ba ta da kauri, inji ya rage ƙarfi, fukafuki ya rage ɗagawa. Dokin da ke rubuce a takarda ba shi za ka samu a Gonin Gora ba.

10/ Kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan. A Kaduna kamfanin AIEP ya haɗa Air Beetle, jirgin koyon tuƙi na sojojin sama, a shekarun 1990. Injinsa Lycoming ne, kusan cc 5,900, doki 180, juyi 2,700 kacal. Babba ne, a hankali yake juyawa, don ya daɗe bai gaji ba.

11/ Wani ƙanena a Narayi ya nemi in ɗora masa injin babur a ƙarfen da ya walda. Na yarda, da sharaɗi: mu ɗaure shi a ƙasa, mu sa sikeli mu auna jan farfelar, mu bar shi da cikakken totur awa guda, mu rubuta zafinsa, gobe mu maimaita. Ba zai zauna a ciki ba sai lissafi ya yarda, kuma sai masu ilimin jirgi sun duba. AFIT na nan Mando, haye gada ne kawai.

12/ In bidiyon gaba ya zo muku, kada ku yi dariya, kada kuma ku zuga shi ya hau. Ku tambaye shi kilo nawa, doki nawa, awa nawa injin ya yi a ɗaure. Uwarsa ɗanta take so ya dawo gida, ba yawan masu kallo ba.