Taimin bel ba wajen neman araha ba ne

1/ Masu Honda Accord V6, ku matso. Taimin bel ke daidaita bawul da fistin. In ya tsinke kana zuba gudu, fistin zai daki bawul, sai sauke inji.

2/ Honda ta ce a canja shi a mil 105,000, amma inda zafi ke wuce digiri 43, a mil 60,000. Ka tuna zafin Afrilu a Sakkwato.

3/ Duk hutu ina garejin yayana. Rigimarmu da masu mota ɗaya ce: bel kawai suke so. Nakan ce a haɗa da tenshina da famfon ruwa, tunda an riga an kwance. Na kamfani ko Gates, ban da jabu.

4/ Kafin a tada, a juya injin da hannu, a ga maki sun hau daidai. Araha ba ta ado, wallahi.