Launin da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Ana saura mako biyu a ga watan azumin bara muka buɗe ɗakin marigayi Yayanmu a gidanmu na Nima, domin rufin kwanon ya fara yoyo, mai gyara kuma ya ce sai an fitar da komai. Shekara goma sha uku ke nan ba abin da ake yi wa ɗakin sai shara. A ƙarƙashin gado, cikin wata adakar ƙarfe, tsakanin allonsa da tsofaffin littattafan makaranta, muka tarar da ita naɗe cikin tsohon zanen Mma: na'urar wasan nan da ake kira Super Nintendo, da hannuwanta biyu na latsawa, da kaset uku. Mu huɗu muka rage cikin 'ya'yan gidan, ƙaraminmu ya ba arba'in baya, amma babu wanda bai ji yatsunsa sun motsa ba.

Launin jikinta ya yi duhu fiye da yadda muka san shi. Da can kamar madara yake, yanzu ya koma ruwan ɗorawa, wasu wuraren ma har sun doshi launin shayin da aka ɗiga wa madara kaɗan. Bai dame mu ba. A wurinmu na'urar dama mai launi biyu ce: gangar jiki mai rawaya-rawaya, da faranti mai launin toka a tsakiya inda ake cusa kaset. Haka Yaya ya shigo da ita gidan nan a shekarar 2000, daga hannun masu sayar da kayan gwanjo da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. An fara sayar da irinta a Japan a 1990, ta isa Turai a 1992, kuma tamu daga Ingila ta fito, domin filoginta mai ƙafa uku ne irin na gidajenmu. Kafin ta iso Zango, yaran can sun daɗe da komawa PlayStation. Shekarunta na ƙuruciya a wani gida ta yi su, gaban wata taga da ba mu sani ba.

Ɗan babban wanmu da ya rage, yaro mai shekara goma sha bakwai, shi ya tayar da maganar. Ya juya ta a hannu ya dubi babbar yayarmu ya ce, "Gwaggo, ai wannan ba launinta ba ne." Ya nuna mana hoto a wayarsa: na'ura iri ɗaya sak, amma fara-fara mai sirkin toka, tas kamar yau aka fito da ita daga kwali. Muka karɓi wayar ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da ɗoriya muna zaton masu ƙera ta ne suka zaɓa mata launin madara, ashe tsufa ne muka ɗauka ado.

Da labari ya kai ga Mma, daga kan tabarmarta ta yanke hukunci: "Ku kawo toka da lemun tsami." Ba ta yi kuskure ba bisa abin da ta sani. Mu mutane ne da suka iya mayar da tsohon abu sabo. Da toka da tsami iyayenmu mata suke goge tasoshin jere har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ƙwarya idan ta yi dauɗa a cuɗe ta da yashi ta koma fara. Riga idan ta koɗe a mayar da ita rini, a kai ta mabuga, ta fito tana walƙiya. Duk waɗannan dabaru sun ginu kan abu guda: lalacewar a sama take, asalin yana nan a ƙasa yana jira. Muka bi umarnin Mma a wani lungu na jikin na'urar. Dattin shekaru ya fita, ruwan wankin ya yi baƙi, rawayar kuwa ko gezau.

Dalili shi ne wannan rawaya ba datti ba ce da ta hau kan robar, robar ce kanta ta sauya. Irin robar da ake zuba jikin waɗannan na'urori ana kiranta ABS, haɗin sinadarai uku ce, kuma da ita ake yin bulullukan wasan Lego tun 1963. Ɗaya daga cikin ukun, butadayin, shi ne mai ɗabi'ar danƙo, shi ke sa idan abu ya faɗi ƙasa bai tarwatse ba. Shi ne kuma mai rauni. Iskar oksijin tana cin sa sannu a hankali, zafi da wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani suna ƙara mata sauri. Abin da ke fitowa daga wannan ci yana shanye shuɗin da ke cikin haske, sai ido ya ga rawaya. An daɗe ana ɗora laifin kan sinadarin buromin da ake zuba wa roba don kada ta kama wuta da sauri, har yau wasu na faɗin haka, amma ana samun robar da ba ta da shi ita ma ta yi rawaya. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne cin da ke kawo launin shi ne ke kawo gautsi. Robar da ta yi rawaya sosai ta rasa danƙonta, tana iya karyewa kamar busasshen kara.

Hakan ne kuma ya warware mana asirin launi biyu. Ba daga kwaɓi ɗaya aka zuba dukkan sassan na'urar ba, shi ya sa wani sashe ya tsufa ya bar wani. An san Super Nintendo da wannan hali a duk duniya, har akan ga wadda samanta ya yi rawaya ƙasanta yana nan garau.

Dabarar mayar da launin ba ta daɗe ba. A 2008 wasu masu adana tsofaffin kwamfutocin Commodore a Jamus suka lura cewa ruwan haidurojin feroksaid yana faranta robar da ta yi rawaya. Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a wasu ƙasashe suka ɗauki abin suka inganta, suka kaurara ruwan ya zama kamar koko don ya zauna a jikin roba, suka gane cewa hasken rana na hanzarta aikin, suka sa masa suna Retr0bright. Daga nan ya bazu ga masu tara Game Boy, wadda ta fito a 1989, da masu tara 'yan sojojin roba farare na fim ɗin Star Wars. Mu kuwa ba mu je nesa ba. A shagon kayan gyaran gashi da ke bakin titinmu ana sayar da man da masu kitso ke haɗawa da rinin gashi, kuma mafi ƙarfinsa feroksaid ne kashi 12 cikin ɗari. Rana kuma, a watan Maris a Ankara, ba sai an roƙe ta ba.

Kafin a sayo man sai da aka yi kwana uku ana ja-in-ja. Yaron yana so a faranta ta gaba ɗaya, har ya ambaci abin da masu tara irin waɗannan kaya suke biya. Ƙaninmu yana bayansa, ba don kuɗin ba, don dai yana ganin Yaya ya cancanci a ga kayansa cikin kyakkyawar kama. Babbar yayarmu ta ƙi. Hujjarta gajera ce: launin da ke cikin hoton na wani yaro ne a Ingila, mu ba mu taɓa riƙe na'ura mai wannan launi ba, to wa za a mayar wa da abin da ya rasa? Mun yi ta juya maganarta. Gaskiya ce da ta wuce na'ura ɗaya. Yawancin abin da ya rene mu a Zango ta wannan hanya ya zo, firiji da talabijin da rigunan sanyi na Kantamanto da kekunan da muka koyi hawa, duk sun riga sun yi rayuwa ɗaya kafin su same mu. Waɗanda ba su yi sa'ar samun gida na biyu ba, a Agbogbloshie suka ƙare, inda samari da yawa daga arewa suka yi ta fasa su suna ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, har aka rushe wurin a 2021. Tamu ta tsira daga wannan wuta ne kawai don wani ya naɗe ta da zane.

Abin da ya raba gardamar a ƙasan na'urar yake. Da muka kifa ta don neman kusoshi, sai ga rubutun Yaya da baƙin alƙalami mai kauri, ya koɗe amma yana karantuwa: haruffa jere, kowane da 'yan layuka a gabansa. Nan take muka tuna. A zauren gidan nan ya kafa ta gaban ƙaramin talabijin, bayan an tashi daga makarantar allo ta yamma yaran unguwa su cika wurin, kowane zagaye na Street Fighter II da kuɗinsa, da tsohon sidi na kafin canjin 2007. Wanda ba shi da ko sisi ba a korarsa, sai Yaya ya kifa na'urar ya rubuta harafin farko na sunansa ya ja layi. Idan ya biya a soke. Mun ƙirga haruffa goma sha tara, kuma layukan da aka soke ba su kai rabi ba. Mun gane masu yawancinsu: wani yanzu limami ne, wasu direbobi, biyu suna Amurka, uku sun riga mu gidan gaskiya. Ɗaya daga cikinmu ya ga nasa harafin da layi bakwai ba a soke ko ɗaya ba, ya tashi ya fita waje.

Aka daidaita a kan cewa za a faranta murfin sama, na ƙasa kuwa ko ruwa ba zai taɓa shi ba.

Buɗe ta ma aiki ne. Kusoshin Nintendo ba su da tsagar da sukundireban gida zai shiga, kansu kamar ƙaramin tauraro yake, sai da wani mai gyaran waya a Circle ya ara mana abin kwance su. Muna ɗaga murfin muka ji ƙas, ɗaya daga cikin ginshiƙan da kusa ke shiga ya karye ya faɗo kamar ɓawon gyaɗa. Muka kuma ga cewa har cikin murfin, inda rana ba ta taɓa shiga ba, ya yi rawaya. Zafin adakar ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano ya isa ya yi wannan aiki a cikin duhu.

Muka cire duk wani ƙarfe da maɓalli, muka ware farantin tsakiya mai rubutu domin feroksaid na iya cin tambari ya kuma koɗar da roba mai launi. Muka wanke murfin da sabulu da tsohon burushin haƙori, ya bushe. Sannan yaron ya sa safar hannu da tabarau, ya shafe shi da man da kauri, muka naɗe da siririyar ledar rufe abinci don kada ya bushe, muka ɗora a kan rufin ɗakin girki. Duk rabin awa sai a sauko da shi, a murza man ta bayan ledar, a juya wani gefen ga rana. Wanda ya raina safar hannu cikinmu ya ga sakamako, don kan yatsunsa ya yi fari fat yana zafi har magariba. A rana ta farko muka yi sakaci lokacin azahar, muka bar shi fiye da awa ɗaya, man ya bushe a inda ledar ta tattare, sai ga wani zane fari-fari ya fito a kusurwar hagu kamar sawun katantanwa. Wannan ba ya gyaruwa. Da za mu sake, da a cikin ruwan feroksaid za mu nutsar da murfin duka a roba mai garai-garai, domin ruwa yana taɓa ko'ina daidai, ko da yake ya fi cin kuɗi.

Da yammacin rana ta biyu muka ɗauraye shi. Ga shi nan, launin da ke cikin hoton, fari mai sirkin toka, mai sanyi a ido. Ba za mu ɓoye ba, ya yi kyau, kuma mun yi murna irin ta yara. Sai dai da muka haɗa shi da na ƙasa muka ɗaure kusoshi a hankali, babbar yayarmu ta dube ta ta ce kamar baƙo ne ya ari takalmin ɗan gida. Aka kai wa Mma ta shafa da hannu, ta tambaya ko ƙarfinta ma ya dawo. Muka ce a'a. Feroksaid fatar sama kawai yake farantawa, ba ya ɗinke abin da iska ta riga ta cinye a cikin robar. Ta ce to ku riƙa ɗaukarta da hannu biyu.

Ta kama aiki a karo na uku, bayan an goge bakin kaset da auduga da sifirit. Daren sallah zauren ya cika da jikokin gidan da na maƙwabta, waɗanda suka saba da wasannin waya, suna dariyar manyan ɗigogin hoton, amma ba wanda ya yarda ya saki hannun idan ya karɓa.

Da hunturu ya shigo, wata tara bayan aikin, muka lura gefen murfin da ke fuskantar ƙofa ya fara komawa launin madara. Masu wannan sana'a sun san haka, rawayar takan dawo, wani lokaci ko an ajiye abin a inuwa. Yaron ya ce akwai sauran man a kwalba. Ba wanda ya amsa masa, shi ma bai sake tayar da zancen ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, mai layi bakwai ɗin nan ya lissafa bashinsa da kuɗin yau, ya ninka, ya sayi koko da ƙosai ya raba wa yaran makarantar allo da sunan Yaya. Da ya dawo ya nemi alƙalami, muka kifa masa na'urar a kan matashi, ya soke layukan ɗaya bayan ɗaya.