Harsashi Ba Shi Da Linzami

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla ko na Gani a Daura ya ga 'yan bindigar Sarki suna ɓarin wuta, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada. Albarushi kaɗai suke ɗurawa, don ƙara. Amma wanda ya fita daji da rani don ya gwada bara, dalma yake ɗurawa, ita kuwa dalma ba ta bambanta ƙwarya da mutum.

Akwai wani tsohon maharbi a ƙasar Sandamu wanda ya fi kowa tsanantawa a kan wannan. Ya daina farauta, sai dai bayan kaka yakan fita da jikansa don ya koya masa saiti. Kafin su fita sai ya gaya wa mai unguwa inda suka nufa. Takardarsa kuwa tana aljihu, gama tun 1959 dokar bindigogi ta Nijeriya ta ɗora riƙe bindiga a kan izinin hukuma, har ta gargajiya wadda ake ɗurawa ta baki ta shiga lissafi.

In sun isa, ba ya ɗura bindiga sai ya zaga wurin da ƙafa. Yakan duba sawun shanu, ya duba ko burtali ya bi ta nan, ko hanyar rijiya, ko wurin da mata ke itace. Sa'an nan ya kafa tsohuwar ƙwarya a gindin tudun rairayi, don rairayi haɗiye dalma yake yi. Ba ya kafawa a kan dutse ko bakin tafki, domin daga nan dalma takan yi tsalle ta nufi inda ba a aike ta ba. Bisa tudu ma ba ya kafawa, tun da ba a ganin abin da ke bayansa.

Wata rana yaron ya ƙosa, ya ce, "Kaka, ai daji ne, ba na kowa ba ne."

Tsohon ya ce, "A'a, abokina, na kowa da kowa ne. Ɗaga yatsanka daga kunama, ka saurara."

Suka yi shiru. Can sai ga kukan maraƙi, sai ga ɗan Fulani ya ɓullo da garkensa daga gefen tudun, bai kai shekara goma ba. Yaron ya sunkuyar da bakin bindiga ƙasa, jikinsa na rawa. Tsohon bai yi masa faɗa ba, ya ce dai, "Doki in ya kwasa a guje ana ja masa linzami. Harsashi fa?"

Ran nan ba su yi harbi ba sai da shanun suka yi nisa. Da suka gama, tsohon ya bi ya tattake tsumman ɗuri da ke hayaƙi, saboda da hunturu ƙyas ɗaya ta isa ta cinye kiwon ƙauye guda. Suka tsince fasassun ƙwarya, suka koma gida da bindiga babu kome a cikinta, albarushi kuma aka ajiye shi dabam, nesa da murhu da hannun yara.

Samarin ƙauyen sukan ce tsohon ya cika tsoro. Amma shekara arba'in yana harbi a dajin nan, ko akuya ba a taɓa kai ƙararsa a kanta gaban Dagaci ba.