Ƙarfen da ke Ƙarƙashin Riga

Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, ina aikin dare a wani gidan mai. A nan, tun ranar 1 ga Satumba 2021, doka ta yarda wa mai shekara 21 wanda ba shi da tabon babban laifi ya ɗauki ƙaramar bindiga a jikinsa ba tare da lasisi ba. A Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa irinta cikin haramtattu. Don haka maganata ba shawarar sayen makami ba ce ga na gida. Zancen zuciya ne.

Tawa Makarov ce, kwancen soja. Rundunar Tarayyar Sobiyet ta fara riƙe irinta a 1951. Bayan rushewar tarayyar a 1991, 'yan kasuwa suka kwaso rarar da ke rumbunan ƙasashe irin su Bulgeriya, suka kawo Amurka da araha. Harsashi takwas take ci, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, riga kuma tana rufe ta sarai. Na cika takarda a shagon mai lasisi, aka bincika sunana wurin hukumar FBI, na biya kuɗin da bai kai hayar ɗakina ta wata guda ba. Baƙin fentinta ya koɗe a inda kuben wani soja ya yi shekaru yana gogarta.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne: ina da mata da 'ya'ya, aikina kuma na tsakar dare ne. Ko majami'a ba ta tsira ba. A Nuwamba 2017 wani ya kashe mutum 26 ana cikin sujada a garin Sutherland Springs, cikin wannan jiha.

Amma ainihin kuɗin bindiga ba a shago ake biyansa ba. Tun ranar da na ɗaura ta, na rasa ikon yin faɗa. Mashayi zai zage ni a bakin kanta, wani ya yi mini ba'a saboda harshena, dole in haɗiye, domin gardamar da a dā za ta ƙare da cacar baki, yanzu tana iya ƙarewa da gawa.

Ku tuna da Dawuda a 1 Sama'ila sura 25. Nabal bai zare masa makami ba, baƙar magana kawai ya aika masa. Duk da haka Dawuda ya rataya takobi, ya tashi da mutum wajen 400 don ya hallaka gida guda. Takobin da ya tsare garken Nabal a jeji shi ne ya kusa zubar da jinin marasa laifi, ba don Ubangiji ya aiko Abigiyel ta tare hanya ba. Makamin bai sāke ba. Zuciyar mai riƙe da shi ce ta juya.

Saboda haka na kafa wa kaina ƙa'ida. A gida tana kulle cikin akwatin ƙarfe, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba na ɗaukarta sai na yi addu'a. Ranar da na tashi da ɓacin rai, ko muka sami saɓani da maiɗakina, a akwati take kwana.

Wani dattijon ikilisiyarmu ya ƙi taɓa bindiga sam, yana tuna mana yadda Yesu ya sa Bitrus ya mayar da takobi cikin kube a daren da aka kama shi. Ina girmama shi ƙwarai, muna kuma cin Jibin Ubangiji tare. Mun yarda a kan abu ɗaya: ƙarfe na iya tsare ƙofa, amma ba ya ba da salama.

Ya Uba, ka ba mu kamun kai ta wurin Ruhunka. Ka tsare maƙwabcina daga fushina, ka sa wannan ƙarfe ya tsufa ban taɓa nuna shi ga ɗan Adam ba. Cikin sunan Yesu, amin.