Ƙaramar Waya Me Ta Yi Muku?

Ni mutumin Gulma ne ta ƙasar Argungu, saboda haka na san tun ban buɗe baki ba wasu abokan wasa za su ce ai ga shi nan, ɗan Gulma ya zo da gulma. To, su yi haƙuri. Gulma ita ce maganar da ake yi a bayan idon mutum, ni kuwa tawa a fili zan yi ta, cikin wannan mujalla tamu da ɗalibai da malamai duk suke karantawa. Abin da ya dame ni shi ne yadda kamfanonin waya suke kora mu kamar makiyayi da garke, daga abu mai sauƙi zuwa abu mai tsada, suna kuma ce mana wai don amfanin kanmu ne.

Bari mu ɗan waiwaya baya, don ƙannenmu su san inda aka fito. Kafin shekarar 2001 harkar tarho a hannun NITEL take, wadda aka kafa a 1985, kuma duk faɗin Nijeriya layukan da ke aiki ba su wuce wajen dubu 400 ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. A wajenmu tarho abin ofis ne da gidajen manya a Birnin Kebbi, ko bayan da garin ya zama hedikwatar jiha a 1991. Talaka in yana da saƙo sai ya tafi tasha ya ba direba, ko ya nemi ɗan makaranta ya rubuta masa wasiƙa. A watan Janairu na 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin kuɗinsa ya kai Naira dubu 20, kira kuwa Naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi waya ta katse, kuɗin minti cikakke za a cire. Jama'a suka yi ta roƙon a riƙa lissafi da daƙiƙa, aka ce musu na'ura ba za ta iya ba sai nan da wasu shekaru. Kwatsam a watan Agusta na 2003 sai ga Glo ta shigo da lissafin daƙiƙa. Ran 19 ga Satumba na shekarar mutane da yawa suka kashe wayoyinsu yini guda don nuna fushi. Ba a daɗe ba sai ga waɗanda suka ce ba ya yiwuwa su ma sun iya. Tun da na san wannan labari, duk ran da kamfani ya ce mini "ba yadda za mu yi," sai shekarar 2003 ta faɗo mini a rai.

Kada mai karatu ya ɗauka ni maƙiyin waya ne. Wallahi ta yi mana rana. Manomin shinkafa a fadamarmu, kafin ya ɗora buhu a mota, sai ya bugo ya ji yadda kasuwa ta tashi a Argungu da Birnin Kebbi da Jega, ɗan baranda bai isa ya rufe masa ido kamar da ba. Masunci yana cikin kwale-kwale yake cinikin kifinsa. Mace in naƙuda ta zo da gardama cikin dare, da waya ake kiran mai mota. Shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kabi, 'yan'uwa na sama da mu a bakin gulbi su ne suka riƙa bugowa suna cewa ku kwashe abin da za ku iya, ga shi nan tafe. Duk wannan aiki kuwa da me aka yi shi? Da 'yar ƙaramar waya mai maɓallai da tocila, wadda mu 'yan boko muke yi wa dariya muna kiranta rakani-kashi.

To ita ce yanzu aka sa wa ƙahon zuƙa. Ina da kawu, manomi ne kuma yana taɓa su, wayarsa ta fi shekara bakwai a hannunsa, an ɗaure bayanta da roba. Duk hutun da na je gida, bayan an gaisa, aikina na farko shi ne in karanta masa saƙonnin da suka taru, don ba ya jin Turanci. Goma cikin goma sha biyu daga kamfani suke: zo ka sauya layinka, sayi kaza a ba ka kaza, an zaɓe ka cikin masu sa'a. Ran nan na fassara masa wani, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wagga waya tawa mi tay yi musu? Ni kira kawai nika so." Na ce, "Kawu, ba ta yi musu kome ba, kuɗin da kuke ba su ne ya yi musu kaɗan." Da saƙonnin suka ishe shi, har aka fara tsorata shi da cewa layinsa tsoho ne, sai ya biya kuɗin mota ya tafi Argungu, ya bi layi rabin yini, aka sauya masa sim zuwa na 4G. Da ya tambayi garaɓasar da aka yi masa alkawari, sai yarinyar da ke wurin ta ce ai Baba sai kun sayi babbar waya tukuna, wannan ba za ta ɗauka ba. Watau an sayar masa da linzami, an ce ya je ya nemo doki.

Mai kamfani da ke zaune a Ikko bai san abin da babbar waya take nufi ga mutumin fadama ba. Kuɗinta na farko, ko mafi arha ce, sai an sayar da shanshera ko an kai akuya kasuwa, amma wannan ma somin taɓi ne. Ƙaramar waya in ta sha caji sai ta kwana huɗu ko biyar, babba kuwa kullum sai an kai ta wurin mai caji an biya, tun da wutar lantarki a garuruwanmu baƙuwa ce, ba ta sanarwa in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. Ƙarama ta faɗa laka a ciro ta a shanya ta ci gaba da aiki, babba ta faɗi sau ɗaya gilashi ya tsage, kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗinta. Ga ta da ci kamar gara, ko ba ka taɓa ta ba tana cin data tana sabunta kanta. Abin haushin ma, wanda ya daure ya saya, da ya bar gari ya gangara gona sai alamar 4G ta ɓace, harafin E ya fito, watau ya koma kan tsohon sabis ɗin da aka ce ya gudu daga gare shi.

Mu ɗalibai kuwa ba ma a tambaye mu ba, an riga an yi mana sakiyar da ba ruwa. Tun daga JAMB har rajistar zango, da duba sakamako, da neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ba wanda ake yi ba da intanet ba. Malamanmu, Allah ya gafarta musu, sun daina ba da takarda a hannu, sai a zuba a WhatsApp, wani ma ya haɗa da bidiyo mai tsawon awa guda ya ce a kalla kafin gobe. Shi WhatsApp ɗin ma a 2023 ya daina aiki a kan wasu tsofaffin wayoyin Android, duk mai irinsu dole ya nemi sabuwa. Ku dubi lissafin data ku gani. Wanda ya sayi babban tsari na wata, kowace giga tana zo masa da arha. Wanda ba ya da hali sai na yini ko na kwana biyu, shi ne yake biyan tsada a kan giga ɗin nan dai. Za a ce ai haka kasuwa take, mai sayen buhu ya fi mai sayen mudu samun rangwame. Na yarda. Amma wa ya taɓa sayen mudun gero aka ce masa in bai cinye kafin Juma'a ba, mai shago zai biyo shi gida ya kwashe sauran? Data kaɗai ke da wannan hali, kuma ba a mayar maka da ragowar sai ka sake saye kafin wa'adi. Mafaka ɗaya da ta rage mana ita ce datar tsakar dare. In malam ya ga rabin aji yana gyangyaɗi a laccar ƙarfe takwas, ba duka ne suka kwana hira ba, wasu takardunsa suka kwana saukewa.

Sai ga 2025. Ran 20 ga Janairu Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, bayan kamfanoni sun nemi kashi 100. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa 6. A watan Fabrairu MTN ta ɗaga wani tsarinta na giga 15 na mako daga Naira 2,000 zuwa 6,000, watau ninki uku, aka yi ta ce-ce-ku-ce har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ƙungiyar Ƙwadago ta ce a ƙaurace wa layukan daga ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana kullum, amma 2025 ba 2003 ba ce. A da mutum yana iya kashe waya ya yi harkarsa, yanzu kuwa, tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, har mai kifi da mai albasa tiransifa suke karɓa. Wanda cinikinsa ke cikin waya ba zai kashe ta da tsakar rana ba.

Su ma kamfanonin suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ƙarafan sabis da man dizal suke aiki dare da rana, kayan aikinsu da dala ake sayowa, Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta wuce 1,500 cikin 2024. MTN ta Nijeriya ta bayyana asarar wajen Naira biliyan 400 a 2024, kuma kafin ƙarin 2025 rabon da a taɓa farashin tun 2013. Taki ya tashi, man injin ban-ruwa ya tashi, ba zan ce waya kaɗai ce za ta tsaya ba. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa cire matakalar ƙasa ta tsani, a ce wa gajere ya yi tsalle. Tsarin da nake saye tun ina aji ɗaya, wanda ya yi daidai da aljihuna, wata safiya na danna lamba na tarar babu shi, ba sanarwa ba bayani, na ƙasa da shi ba ya kai ni ko'ina, na sama da shi kuwa ya fi ƙarfina.

Dalilin wannan kora ba ɓoyayye ba ne. Hanyar iska da saƙo ke bi tana da iyaka, kuma da tsada gwamnati ke sayar da ita: a gwanjon 5G na watan Disamba 2021, MTN da Mafab kowanne dala miliyan 273.6 ya ci. Sabuwar fasaha tana ɗaukar kaya fiye da tsohuwa a kan hanya guda, kuma riƙe 2G da 3G da 4G da 5G duk a ƙarfe ɗaya ɗawainiya ce. Mai kira kawai ɗan abin da yake sawa a wata kaɗan ne, mai kallon bidiyo kuwa saniyar tatsa ce. Saboda haka burin kowane kamfani shi ne ya ga bayan tsohon sabis. Singafo ta rufe 2G a 2017, manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022. Amma a nan, bisa ƙididdigar NCC ta ƙarshen 2024, kusan layi 4 cikin kowane 10 a kan 2G yake, 5G kuwa da ake ta yi mana talla bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Waɗannan huɗu cikin goma su ne su kawu, da iyayenmu mata, da masu tallar nono.

Indiya ma ta sha irin wannan. Can kamfanoni sun wayi gari ba sa sayar da katin kira sai haɗe da data, ko kana so ko ba ka so, har a watan Disamba na 2024 hukumar sadarwarsu ta tilasta musu su fito da tsarin kira da tes zalla, saboda tsofaffi da mutanen karkara. Tamu hukumar ma ta ɗan motsa. Tun 2016 akwai lambar 2442 ta hana saƙonnin talla, akwai 622 ta kai ƙara kyauta, a 2024 kuma ta umarci kowane kamfani kada tsarin kiransa ya wuce 7, ƙunshin garaɓasa kada ya wuce 100. Ɗari fa, jama'a! Ni da nake jami'a ban iya kwatanta ƙunshi ɗari in gane wanda ya fi ba, balle wanda ko sunansa ba ya karantawa da boko.

A nan ne nake ganin maganar ta shafi wannan Ƙungiya tamu ta Hausa kai tsaye. Talla dai ana yi mana ita da Hausa rangaɗaɗau, a rediyo da allunan bakin titi, har da kiɗa da karin magana. Amma sharuɗɗan, watau yaushe data za ta mutu, wace garaɓasa ce ba ta aiki sai a 4G, wane tsari ne zai riƙa sabunta kansa yana cire kuɗi, waɗannan da Turanci suke zuwa, da ƙananan baƙaƙe. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su rubuta wa NCC takarda da sa hannun malamanmu, a nemi duk harshen da aka yi talla da shi, a faɗi sharaɗi da shi, a kuma bar wa mai ƙaramar waya tsarin kira mai sauƙi wanda ba za a ɗauke shi dare ɗaya ba. Kafin amsa ta zo, 'yan aji uku da huɗu da ke darasin fassara za su iya ɗaukar tsare-tsaren kamfanonin nan huɗu su mayar da su Hausa a takarda ɗaya, da boko da ajami, kowa ya tafi da ita garinsu in an yi hutu. Ni na ɗauki na Gulma da Argungu, zan kai wa masu caji da masu sayar da kati su manna a rumfunansu.