Daga Batsari Zuwa Safana: Me Ke Ƙarƙashin Asibitin Garinku?

Idan kin taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Batsari da bazara, to kin san irin zafin da zan ba ki labarinsa. Gonaki sun yi fayau, kukoki sun zubar da ganye, duwatsu sai ƙyalli suke kamar an shafa musu mai. Can yamma kuma ga Dajin Rugu, wanda sunansa kaɗai ya ishi mutanen ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina faɗuwar gaba a shekarun nan. Na yi tafiyar ne bayan zaman sulhun da aka yi a 2025, lokacin da hanya ta ɗan lafa, domin sunan 'yar ƙanwata da ke aure a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana.

Kwana biyu da suna na raka mai jego asibitin garin don a yi wa jaririya rigakafi. Ginin sabo ne fil, bulo da siminti, rufin kwano, an sha shi da fenti. Sai dai kash, ba kowa a ciki. Tagoginsa ƙanana ne, kuma suna kallon yamma, ga fanka a rataye ba wuta. Nas ɗin ta fito da teburinta gindin darbejiya, mata sun kewaye ta, yara na ta rarrafe a ƙasa.

Ƙasar ce ta ɗauki hankalina. Baƙa ce ƙirin, tana da maiƙo, ko ciyawa ba ta fito a kanta ba. Na tambayi wata dattijuwa, ta ce: "Ai 'yar nan, nan ne kamfanin da ya yi titi ya yi zango. Nan suke jibge gangunan kwalta, nan suke juye baƙin mai. Da suka tashi sai masu gyaran batir suka gaje wurin." Da aka zo neman filin asibiti, sai aka ga wannan ba mai shi, ba kuma diyyar da za a biya.

'Yar'uwa, tsohon batirin mota cike yake da dalma, baƙin mai ma yana ɗauke da gubar ƙarfe iri iri, kuma dalma ba ta ruɓewa a ƙasa ko da an shekara hamsin. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Mai ciki kuwa, abin da ya shiga jininta yana isa ga ɗan da ke cikinta. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Zamfara, maƙwabciyar wannan yanki, a 2010 ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta game tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, likitocin ƙungiyar MSF sun ga ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai da aka kankare saman ƙasar gida gida, aka binne ta a rami, aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013.

Kada ki ɗauka ina cewa haramun ne a gina asibiti a tsohon filin masana'anta. Hasali ma ya fi a cinye gonar talaka. A gabashin birnin Landan, wurin da aka yi wasannin Olamfik na 2012 tsohon matattarar masana'antu da layin dogo ne. An haƙe ƙasar, an wanke ta da injuna, sannan aka yi gini, kuma asibitin da aka yi wa 'yan wasa ya koma na mutanen unguwa a 2013. Bambancin kawai, su sun auna ƙasa kafin su aza harsashi.

Daga nan muka wuce Safana gaida wata gwaggonmu. Ɗakinta soro ne na tubali, rufin azara, bangon ya kai kamu biyu kauri. Da azahar tsaka muka shiga, wallahi sai ka ce an buɗe randa. Na zauna ina tuna asibitin jiya, ina mamakin yadda muka yarda cewa ginin ƙasa na talaka ne, alhali hasumiyar Gobarau ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye a Katsina. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Kwano kuwa nan take yake juye wa na ƙasansa. (Gwaggo dai ta ce ita da ɗakin kwano sai ranar da za ta gasa masara.)

Kuma fa masu ilimin zamani sun fara dawowa kan wannan hikima. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa irin namu, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar, Mariam Kamara, ita da abokiyar aikinta sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. A ƙasar Ruwanda kuma, asibitin Butaro da aka buɗe a 2011 a kan tsohon sansanin soja, an tsara shi ne yadda iska za ta shiga ta wannan taga ta fita ta waccan, aka fitar da baranda waje, don kada mai tarin fuka ya shafa wa na kusa da shi. Ki auna wannan da ɗakin jiranmu, inda ake cusa mata talatin da goyonsu a lokacin sanƙarau da ƙyanda.

Saura wuta. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta wuce haka ta lalace ko da kwalbar na nan lafiya lau. Ungozoma kuma ba ta da zaɓin lokacin da naƙuda za ta zo. Rana dai ba ta yi mana rowa a ƙasar nan ba, don haka firij da fitilar ɗakin haihuwa masu aiki da sola sun fi janareton da ke jiran mai daga gari. Amma batirin solar in ya mutu a mayar wa masu sayarwa, kada a jefa shi bayan asibiti a sake maimaita abin da muke gudu.

Jihar Katsina na da mazaɓu 361, kuma burin gwamnati shi ne kowace ta samu asibiti mai aiki. Ke nan wata rana za a zo auna fili a garinku, kuma akwai kwamitin mazaɓa da ake shawara da shi, har da mata a ciki. Ki tambaya, ko ki sa maigida ya tambaya: me aka taɓa yi a filin nan? An auna ƙasar da ruwan rijiyar? Ina tagogi za su kalla? Itatuwan da ke wurin za a sare su ne?

Kafin in baro ƙauyen, mijin ƙanwata ya kai maganar gaban mai gari. Matasa suka kwaso yashi a amalanke suka rufe gindin darbejiyar, mata suka haɗa kuɗi suka sayi tabarmi huɗu. Na gaya musu yashi rufi ne kawai, sai an kankare. An ce za a rubuta wa ƙaramar hukuma a turo masu awo. Ranar da ƙanwata ta yi arba'in na kira ta, ta ce takardar ta tafi, kuma nas ɗin ta matsar da teburinta zuwa gindin wata tsamiya a ƙetaren hanya.