Ɗakin Inna da Ma'aunin Zafi

Mai karatu, a Amurka akwai wata na'ura mai suna Nest da ta fito a 2011. Tana auna zafin gida, ta kunna na'urar sanyaya ɗaki ko ta kashe, sannan ta aika lissafin zuwa wayar maigida. Mu a Gandi ba mu da abin da za ta kunna, amma muna da abin aunawa, domin a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40.

Yayyena sun gina wa Inna ɗakin bulo mai rufin kwano, suka ce ta bar tsohon soronta na ƙasa. Ta ce atafau ba inda za ta. Da gardama ta yi tsawo, sai na sayo ƙananan ma'aunin zafi guda biyu.

Ma'auni kuwa inda ka rataye shi nan yake ba ka labari. Na nisanta su da taga, da murhu, da bangon yamma da ke shan ranar la'asar. Azahar, isha'i da asuba nake rubuta abin da suka nuna, har mako biyu.

Da rana soron ya fi sanyi nesa ba kusa ba, don katangar ƙasa a hankali take shan zafi. Da dare sai ta amayar da shi, shi ya sa kowa ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Na karanta wa Inna littafin. Ta ce, "To ɗan nan, sai da ƙarfe ya faɗa kuka yarda?"

Yanzu buhunan gero ne a ɗakin bulon.